Kawu da Ɗalibinsa na Caina

Liman bai daɗe da rufe baki ba yayana ya miƙe. Ranar addu'ar uku ce, muna zaune a ƙofar gidan Kawu a Kazaure, tabarmi har bakin titi. An yi addu'a an shafa, sai liman ya ce kamar yadda aka saba, duk wanda marigayi ya ɓata wa rai ya dubi Allah ya yafe masa. Jama'a suka amsa baki ɗaya, mun yafe. Da a nan aka tsaya da ba abin da zai faru. Amma babban ɗan Kawu, wanda ke aikin gwamnati a Dutse, mutumin da ba ya iya zama a taro ba a san yana wurin ba, sai ya waiwayo ya dubi yayana ya ce, "Kai fa? Ban ji bakinka ba."

Yayana ya zura takalmansa, ya tada babur, ya kama hanyar Babura.

Nan fa bakuna suka buɗe. Wani tsoho da ke kusa da ni ya ce ai jinin daji ba ya ɓuya, ya manta ni ma jinin ne. Wani ya ce mutum ya ci tuwon gida shekara tara, yau kalma ɗaya ta gagare shi. Wani ɗan kwalisa da ya zo daga Kano da turarensa ya ce a bar shi, dama can magana wuya take masa, wasu suka ƙyalƙyale da dariya suna rufe baki da hannun riga. A wurin makoki fa. Kafin in shiga cikin gida labari ya riga ni. Na tarar da Inna, mahaifiyarmu, ƙanwar Kawu, ta ja mayafi ta rufe fuska, mata sun kewaye ta suna ba ta haƙuri da irin muryar nan da ke ƙara wa mutum ciwo.

Tun da Kawu ya rasu wayata ba ta huta ba. Kowa ya zama marubuci. An yi rashin uba, an yi rashin bango, Malam mai haƙuri, Malam mai son yara. Masu rubuta wannan na san su. Su ne waɗanda in sun hango shi tafe da jarida a hammata suke sauya lungu. Su suka sa masa suna Malam Sake, ba wanda ya taɓa iya faɗa a gabansa. Yau su ne masu hawaye a guruf ɗin dangi. Ba na son a manta da Kawu, shi ya sa nake wannan rubutu a waya, a cikin mota. Amma wanda kuke yabo ɗin nan ban san shi ba. Bari in ba ku nawa.

Kawu tsohon hedimasta ne, malamin Turanci. Dogo, siriri, hula kullum a miƙe, biro ja a aljihun gaba ko ranar Sallah. Lokacin da mahaifinmu ya rasu a wani ƙauye bayan Gwiwa, ina da shekara shida, yayana tara. Baffanninmu suka ce mu na shanu ne, ba inda za mu. Kawu ya zo a kan keke cikin damina, wandonsa duk taɓo, ya shimfiɗa buzu a ƙofar gidan babban baffanmu ya zauna. Bai yi faɗa ba, bai roƙa ba. Aka kawo fura ya ce ya ƙoshi. Kwana uku yana zaune a wurin, har kunya ta kama su suka ce ya kwashe mu. Ya ɗora ni a gaba, yayana a baya. Wannan ya yi shi, ba zan ci masa ba. Duk abin da na zama daga kan keken nan ya fara.

A gidansa kuwa akwai gwangwani. Gwangwanin madara ne babba, a kan tagar zaure. Duk kalmar Turancin da ka ci karo da ita ba ka sani ba, ka rubuta a 'yar takarda ka jefa ciki. Da safe kafin koko zai girgiza, ya zaro uku. Ka faɗi ma'ana, ka sa ta a jimla. Ka kuskure ya ɗiga mata jan biro ya mayar. Takarda ta samu ɗigo uku, kokonka ya wuce, sai ka sha ruwa ka tafi makaranta. Da la'asar kuma jarida. Tsofaffin jaridu ne da yake karɓowa a sakatariya, ka tsaya a gabansa ka karanta da ƙarfi. Kalma ɗaya gare shi, sake. Ba ya cewa ka yi daidai. In ka ji shiru, to ka yi daidai ke nan. In ka ja murya ya ce, "Karanta min na ce, ba rera min ba."

Yayana ya fi ni sanin abin da ke cikin gwangwanin nan nesa ba kusa ba. Ba shi takarda da biro, ba kalmar da za ta kayar da shi. Matsalarsa ɗaya, yana da i'ina. In harafi ya maƙale masa sai ka ga wuyansa ya kumbura, ido ya rufe, ƙafa na dukan ƙasa. Kawu kuwa ya yanke hukunci tun farko cewa i'ina lalaci ce da tsoro, maganinta matsi. Da yayana ya maƙale, zai fara buga biro a hannun kujera, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Kafin bugu na huɗu ya ƙarasa masa kalmar da kansa, sannan ya ce sake. Ya sa masa suna Kaset, wai ya cinye zare. 'Ya'yan gidan suka ɗauka, unguwa ta ɗauka.

Inna ta taɓa zuwa daga ƙauye ta ga abin da idonta. Ta durƙusa a bakin zaure ta ce, Yaya, a riƙa sassauta masa. Ya ce mata in ta san karatu ta zo ta karɓi biron. Ba ta san ko harafi ɗaya ba, kuma ya san da haka ya faɗa.

Ranar da abin ya ƙare, baƙi ne suka zo, manyan ma'aikatan ilimi su uku, abokansa na da. Aka kawo shayi, Kawu ya kira mu mu yi musu karatu, kamar yadda wani ke fito da ragonsa a gani. Yayana ya fara. Layi na biyu ya maƙale. Sake. Ya koma, ya maƙale a wuri ɗaya. Sake. Ɗaya daga cikin baƙin ya ce Malam a bar shi ya huta. Kawu ya karɓe jaridar ya ce, "Wannan na shanu ne, ni na yi kuskuren ɗauko shi. Je ka kawo ruwan wanke hannu." Ya miƙo min jaridar. Na karanta tsaf, baƙi suka ce ma sha Allah, ni kuma ina jin daɗi a raina, yayana na tsaye da buta yana zuba musu ruwa. Shekararsa goma sha takwas a lokacin. Satin bai ƙare ba ya bi motar hatsi ya tafi Babura. Can ya koyi gyaran injin ban ruwa da janareta, can ya yi aure. In an yi rasuwa ko suna yana zuwa Kazaure, ya gaida Kawu daga tsugune, Kawu ya amsa yana kallon jarida. Shekara goma sha wani abu ke nan ana haka.

Ni na ci gaba, har na samu gurbin karatu a Caina. Ranar tafiyata Kawu ya ba ni ƙamus ɗinsa, wanda ba ya bari ko 'ya'yansa su taɓa. Abin da ya ce kawai, kada ka jiƙa shi. Kuma ya gyara min, wai ba Caina ake cewa ba, Sin ake cewa, in daina magana kamar ɗan tasha.

A can ne ɗalibin nasa ya shigo. Ɗan ajinmu ne a jami'a, ɗan manoma, mai kunya, shi ya taimake ni na iya rubutun yarensu. Yana son ya wuce digiri na biyu, amma sai ya ci jarrabawar Turanci, kuma ya taɓa faɗuwa. Kullum da sassafe za ka gan shi yana zagaye filin makaranta da wani ƙaton littafin kalmomi, yana haddacewa a jere tun daga shafin farko, kamar mai tilawa. Ya san kalmomin da ni ban taɓa ji ba. Amma ba shi shafi ɗaya ya karanta, a layi na uku zai tsaya, ya duba wannan, ya duba waccan, kafin ya kai ƙasa ya manta abin da aka ce a sama. In kuma da ƙarfi zai karanta, harshensa ya riƙa sarƙewa ke nan, gumi na keto masa.

Wata rana na ba shi labarin gwangwani, don in ba shi tsoro mu yi dariya. Sai ya ce don Allah in haɗa shi da wannan malami. Gaskiyata, na yarda ne don ina son wani ma ya ɗanɗana. Na riga na aika wa Kawu babbar waya, yana ta ƙorafin ba ta da madanni. Muka sa lokaci, hantsi a Kazaure, la'asar a can. Kawu ya jingina wayar da butar shayi a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, don nan ne sabis ke kamawa. Abokina ya miƙe tsaye ya rusuna wa waya. Na ga Kawu ya gyara hula.

Abokina ya fara karantawa. Layi na biyu ya maƙale. Ni da ke gefe ina jiran ƙarar biro.

Shiru. Kawu ya harɗe hannu yana kallonsa. Yaron ya yi ta kokawa da kalmar, ya faɗi ya tashi, har ya fitar da ita a karkace. Kawu ya gyaɗa kai, ya ce masa da Turanci ya bi a hankali, ba mai korarsa. Sannan ya ce da kyau. Na leƙa wayar in tabbatar Kawuna ne.

Wata takwas suka yi, sau uku a sati. Kawu ya sa shi ya rufe littafin haddar nan ya nemo gwangwani, ya samo na ganyen shayi. Ya hana shi tsayawa in ya ga kalmar da bai sani ba, ya ce ya wuce har ƙarshen sakin layi tukuna, sannan ya dawo. Wai kalma kamar baƙo ce a unguwa, maƙwabtanta ake tambaya kafin a je wurin mai unguwa, mai unguwar shi ne ƙamus. Mu bai taɓa yi mana wannan bayanin ba, mu ɗigon ja muka sani. Yana tambayarsa jikin mahaifiyarsa. Yana tambayarsa me suke shukawa, har suka yi rabin darasi a kan gero da shinkafa. Ya koyi gaisuwa ɗaya a yarensu, yana faɗinta a murguɗe, su yi ta dariya su biyu. Dariyar Kawu ke nan ta farko da na ga haƙoransa na ciki. Yaron ya ci jarrabawa. Kawu ya sa aka yi masa waina a gida aka raba wa maƙwabta, wai ɗalibinsa na Sin ya yi nasara. Ni da na gama digiri, abin da ya ce shi ne to, sai a nemi aiki.

Tun ana tsakiyar darasin nan na kira Kawu na tambaye shi, sau ɗaya a rayuwata da na ɗaga masa murya. Na ce Kawu, ashe ana iya koyarwa haka? Ya ce, "Shi baƙo ne, amana ce. Baƙo lallaɓa shi ake yi. Ɗan gida kuwa ba a yabonsa, in ya lalace ni za a zaga." Na ce to Yaya fa? Ya ce wannan shi ya zaɓi baƙin mai, ya kashe wayar. Wata biyu bai ɗauki kirana ba, amma darasinsu bai fasa ko sau ɗaya ba.

Na san za ku ce haka mutanen da suke, kunya ce, ba a nuna wa naka so a fili. Na ji wannan har na gaji. Kunyar da ta hana ka yaba wa ɗan ƙanwarka ba ta hana ka tozarta shi gaban baƙi ba. Wace irin kunya ce mai hanya ɗaya?

Da Kawu ya rasu na sanar da abokin nawa. Ya turo saƙon murya na minti uku, da Turancin da Kawu ya gyara masa, yana yi yana shessheƙa. Na tura wa babban ɗan Kawu, shi kuma ya sa a lasifika a wurin makoki har sau biyu, yana fassara wa mutane yana ƙara gishiri. Kowa na cewa kun ji, Malam har Caina ya kai ilimi. Yayana bai ji ba, lokacin yana maƙabarta yana gyara kabarin da ƙaya saboda awaki. Wannan ba wanda ya rubuta a guruf. Yayana ne ya kama makara ta gaba, shi ya shiga rami ya karɓe shi.

Bayan abin da ya faru ranar uku, Inna ta daina cin abinci. Ba surutun mutane ne ya dame ta ba. Tsoronta wanta na kwance da haƙƙin ɗanta a wuyansa, ɗanta kuma na yawo da mamaci a zuciya. Ta kira ni ɗaki ta ce kai ne mai baki a cikinku, ka je ka karɓo min kalmar nan kafin addu'ar bakwai. Ta ce ba sai ya zo ba, ba sai kowa ya ji ba, ita dai ta san ya faɗa. Matar Kawu ta tare ni a tsakar gida ta ba ni wani labari in tafi da shi. Ta ce injin ruwan gidan ya shekara biyu a lalace, duk mai gyaran da aka kawo sai Kawu ya kore shi, ya ce akwai wanda ya fi su a Babura. Amma bai taɓa aikawa a kira shi ba. Injin na nan a rufe da buhu.

Yau da safe na je. Na same shi a rumfarsa bayan kasuwar hatsi, ya barbaza wani janareta na wasu mutanen Nijar, littafin injin a buɗe a kan gwiwarsa, na Turanci, yana bi da yatsa mai baƙin mai. Duk layin masu gyaran nan shi suke kawo wa takarda ya duba musu. Ya sa aka kawo min fura. Muka yi maganar yara, muka yi maganar damina. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni, na ba shi labarin injin ruwa. Ya ɗan yi murmushi ya ce ai Kawu ya san hanyar Babura, mutumin da ya je Gwiwa a keke.

A nan na yi wautar. Na ga kamar in ya ji yadda wani ke kuka saboda Kawu zuciyarsa za ta yi laushi. Na ce bari ka ji wani abu. Na kunna masa saƙon.

Ya ajiye sifana yana saurare. Ba ya buƙatar fassara. Abokina ya yi godiya, ya yi addu'a irin tasu, ya ce ya sa gwangwanin a kan teburinsa. Sannan ya zo wurin da ni na ji sau biyar ban lura ba. Ya ce shi mutum ne mai nauyin baki, malamansa duk sun gaji da shi, suna ƙarasa masa magana don a wuce. Amma Malam bai taɓa ƙarasa masa kalma ba ko sau ɗaya. Ko zai yi minti guda a kanta, Malam zai jira.

Na kai hannu in kashe, ya riƙe min hannu har saƙon ya ƙare. Da zai yi magana harafin farko ya maƙale masa, wuyansa ya kumbura kamar da. Na jira har kalmar ta fito.

"Ashe ya iya jira."

Ya ce shekara da shekaru yana ba Kawu uzuri, yana cewa Allah ne bai halicce shi da haƙuri ba, mutum ba ya ba da abin da ba shi da shi. Ya ce ranar uku ma da ɗan nasa bai tsokane shi ba, ƙila da ya faɗa a zuciyarsa. Yanzu kuwa na kawo masa shaida har rumfa cewa akwai haƙurin, ajiye shi aka yi sai da baƙo ya zo. Ya ce in gaya wa Inna yana yi masa addu'a bayan kowace salla, kuma zai zo ya gyara injin ruwan saboda matar Kawu. Amma kalmar nan ba zai faɗe ta don mutane su ci waina hankali kwance ba. In ta zo masa zai faɗa, in ba ta zo ba Allah ya san dalili. Ya ɗauki sifanarsa. Na ce Yaya, Inna ba ta cin abinci. Ya ce to kai da ka iya karatu ka san yadda za ka karanta mata.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ƙasa ta yi masa sauƙi. Da bakina na faɗa, kuma har zuciyata, don ni na ci moriyarsa. Yanzu ina bayan mota mun wuce Kanya Babba, gobe ne bakwai. Inna ta sa an kira ni sau huɗu ban ɗauka ba. Ba ta karatu, wannan rubutun ba zai kai gare ta ba sai in wani munafuki a cikinku ya kai mata. In na ce mata ya yafe za ta ci tuwo yau, na kuma yi wa yayana irin abin da aka saba yi masa, na ƙarasa masa kalmar da bai faɗa ba. In na gaya mata gaskiya, ban san kwana nawa za ta ƙara ba ci ba.

Ku da kuka cika min waya da Malam mai haƙuri, ga shi ta sake kira. Me zan ce mata?